Na Kai Daddawa Jidda Don In Ci Gonar Gwaggo

Asubar fari muka bar ƙauyenmu da ke gefen Dutse, ni da ɗan baffana, gari ko haske bai fara ba. A bayan mota akwai jakunkunanmu da wani ƙaramin buhu da matan gida suka sha wahalar haɗawa: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da kilishi. Abin da mutanen gari suka sani shi ne Umara za mu, kuma Umarar muka yi, Allah Ya karɓa. Amma akwai saƙo na biyu da Baffa ya ɗora mana a ɓoye, shi ya sa nake wannan rubutu. Ina gaya muku tun yanzu, ba zan fito da farin jini a cikinsa ba.

Ku da kuke bibiyata kun san bakina a kan Falasɗinu. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, firamare na gama sai islamiyya, kayan babur nake sayarwa. Amma ba a cika mako ban rubuta wani abu mai zafi a kan mutanen da aka kora daga gidajensu ba. Na yi faɗa da abokai a kan haka. Akwai lemon kwalbar da na daina sha, har na hana a shigo mini da shi shago. Ku riƙe wannan, don ku san irin mutumin da ya yi abin da zan faɗa.

Kakanmu yana da ƙane. Tun zamanin Turawa ya ɗauki sanda da gora ya nufi gabas a ƙasa don aikin hajji, bai sake dawowa ba. Da aka zo rabon gadon ubansu, dattawa suka ware masa nasa kaso, wato gonar da yake nomawa kafin ya tafi, aka dasa gamba a kan iyaka. Gonar matafiyi muke ce mata. Kowace damina wani a gidan yakan noma ta aro, in an girbe ya fitar da dami guda sadaka da sunan mai ita. Haka na taso na gani, ba wanda ya taɓa cewa tasa ce.

To yanzu birni ya iso mu. An ja titi ta bakin gonakinmu, wani mai kuɗi ya zo yana so ya sayi filin gidanmu gaba ɗaya ya yanka filotai, kuma gonar matafiyi ce a tsakiya, ita ce ke kallon titin. Ya ce in babu ita, babu ciniki. Ana cikin haka wani ɗan garinmu mai fatauci zuwa Jidda ya dawo da labari: a wurin wani zaman makoki ya ji wata tsohuwa ta ambaci sunan ƙauyenmu da sunan ƙanen kakanmu, ta ce shi ne ubanta. Labari ya kai kunnen liman. Liman ya ce gona mai magaji a raye ba ta sayuwa sai da bakin magajin, a kawo masa shaidu biyu da suka ji da kunnensu ta ce ta bari. Shaidun biyu su ne mu. Ranar da za mu tashi Baffa ya ja ni gefe ya ce, “Kai ka iya baki. Ka ce mata fako ce, ko ƙaiƙayi ba ta fitarwa.” Na ce to. Ban yi gardama ba ko kaɗan, don ni ma ina da rabo a cinikin, har na riga na yi wa maiɗakina alkawarin sabon rufi kafin damina.

Hanyar Kano ba sai na ba ku labari ba. Direbanmu ya san kowane rami da sunansa, yana kauce wa wannan yana faɗawa wancan yana salati. A filin jirgi mun daɗe a layi har ƙafa ta yi tsami. Cikin jirgi aka kawo mana abinci a wani ɗan akwati, ɗan baffana ya buɗe ya leƙa ya ce, “Wannan ɗanɗano ne, ko abincin ne gaba ɗaya?”

Muna sauka Jidda zafi ya tare mu, ba irin namu mai ƙona fata ba, wani mai laima da ke manne wa mutum kamar jiƙaƙƙiyar riga. Wurin duba kaya ma'aikaci ya kwance bakin buhunmu, daddawa ta yi masa sallama, ya ja da baya yana toshe hanci yana kiran abokin aikinsa. Da hannu da ƙafa muka yi bayani cewa abin miya ne. Daga ƙarshe suka ce, “Yalla, yalla,” suka bar mana. Kilishin dai a nan muka rabu da shi.

Makka muka fara wucewa. Ba zan iya kwatanta muku ganin Ɗakin Allah ba, wanda ya je ya sani. Na yi wa Falasɗinawa addu'a ina hawaye. Kuma, Allah Ya yafe mini, tsakanin Safa da Marwa na kama kaina ina tsara yadda zan buɗe wa tsohuwa maganar gona.

Da muka dawo Jidda muka kama masauki a Balad, tsohon gari. Dogayen gidaje ne na dutsen teku, tagoginsu na katako mai sassaƙa, wasu an gyara su sun yi kyau, wasu sun jingina da juna kamar tsofaffin da suka gaji. Maguna ko'ina, sun fi mu sanin gari. Kasuwa kuwa ƙamshin turaren wuta da gahawa ne ke jan ka daga wannan lungu zuwa wancan. Da safe mukan ci ful, wato dafaffen wake da aka dama da mai, da wata faffaɗar gurasa mai zafi da ake ce wa tamis. Abinci bai yi tsada ba in ka bar shi a riyal, amma kada ka kuskura ka juya shi zuwa naira a zuciyarka, loma ba za ta wuce ba. Hausa kuwa sai ka ce Kano: ga na Nijar da Faransancinsu, ga na Cadi, ga Hausawan Sudan da manyan rawuna. Wani matashi haifaffen can na yi wa tambayar hanya da Hausa, ya fahimce ni sarai, ya amsa mini da Larabci tsantsa.

Gidan tsohuwar yana Ammariyya, ba nisa da Balad. Lungu ne matsattse, wayoyin wuta sun yi saƙa a sama, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗiga ruwa a kan mai wucewa. 'Yarta ce ta buɗe mana ƙofa, mace babba da ta girme ni, haifaffiyar Jidda, Hausarta rabi da rabi. “Ahlan, ahlan, tafaddalu, ku shigo, Umma tana jira tun subahi.”

Tana zaune a kan katifa a ƙasa, 'yar ƙaramar tsohuwa baƙa, carbi a hannu, ido ya yi rauni. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta ce in matso. Ta shafa fuskata, ta kama kunnena ta ja, ta yi dariya.

“Ba sai ka rantse ba, ɗana. Wannan fankeken kunnen na gidanmu ne. Babana ma haka nasa yake, hula ba ta taɓa faɗo masa a ido ba.”

Daga nan na fara ce mata Gwaggo, don a lissafi ƙanwar babana ce. Hausarta irin ta mutanen da ce, wadda ta koya a bakin ubanta, tana yi tana tsarma Larabci. Da aka kwance buhu ta ɗauki ƙullin daddawa ta kai hanci ta daɗe ba ta sauke ba. Ta ce ana samu a nan ma a kasuwa, amma ta kasuwa daban, ta gida daban.

Aka kawo shinkafa da kifi. Muna ci na tambaye ta yadda aka yi ubanta bai koma gida ba. Ni a zatona a Makka ya zauna, kamar sauran mutanenmu. Ashe ba haka ba ne. Ta ce alhazan da, in sun gama hajji, wasunsu sukan zarce Ƙudus su ziyarci masallaci na uku kafin su juyo. Shi ma ya zarce. Guzuri ya ƙare, sai ya sami aikin gadi a wata gonar lemo kusa da Yafa, a bakin teku. Can ana son mutanenmu da gadi, don an san ba sa barci kuma ba sa sata. Ya auri 'yar can. Mai gonar ya yankar masa wani ɗan gefe ya zama nasa, ya gina ɗaki, ya shuka kuɓewa da yakuwa. A ɗakin aka haifi Gwaggo.

Na ajiye cokali. Shekara da shekaru ina rubutu a kan Falasɗinu, ban san ina da gwaggo Bafalasɗiniya ba.

Ta ce tana tuna lokacin tsinkar lemo, yadda mata ke zama a inuwa suna naɗe kowane lemo a 'yar takarda mai laushi suna jerawa a akwatunan katako, a kai tashar jirgin ruwa. Sannan ta zo kan shekarar da komai ya watse, 1948, lokacin haƙoranta na gaba sun faɗi sababbi ba su fito ba. Turawan Ingila, waɗanda suka mulke mu mu ma, su ne ke riƙe da ƙasar. Yahudawa suna ta isowa ta teku, da yawa daga Turai inda aka yi musu kisan gilla. Manyan ƙasashe suka zauna can nesa suka ce a raba ƙasar biyu. Yahudawa suka karɓa, Larabawa suka ce ba su yarda a raba musu gida ba. Bature ya tattara kayansa ya tafi ya bar wuta tana ci, kamar yadda ya saba. Aka kafa Isra'ila, ƙasashen Larabawa suka turo sojojinsu, aka gwabza.

Amma su Gwaggo ba su ma kai zuwan sojojin ba. Harbi ya matso Yafa, abubuwa suna faɗowa daga sama suna fashewa a cikin unguwanni, mutane suka yi bakin teku. Ta ce safiyar da za su fita ubanta ya tsaya sai da ya ba bishiyoyi ruwa, uwarta tana kuka tana jan rigarsa. Cewa yake aikinsa ne, kuma ai kwana kaɗan za a yi, ana cewa rundunar Larabawa tana tafe. A tashar jirgin ruwa mutane sun yi cincirindo, ana tura su cikin ƙananan jirage har ruwa yana taɓa baki. Ta ga wata mata ta faɗa tsakanin jirgi da gaɓa. A Gaza suka sauka, a tanti.

“Mutane suna nuna makullan gidajensu,” in ji ta. “Mu ba mu da makulli, ɗana. Asabari ne a ƙofarmu. Amma ɗakinmu ne.”

Da aka daina harbi ubanta ya nemi komawa ya duba. Aka gaya masa masu tsallakawa harbe su ake yi. Daga baya suka ji cewa sabuwar hukuma ta yi doka: duk wanda ba ya nan, kayansa sun zama kayan wanda ba ya nan, hukuma ce mai riƙe su. Ka kori mutum da wuta, ka hana shi dawowa, sannan ka ce ai ba ya nan! Daga Gaza suka gangara Masar, daga Masar jirgin alhazai ya kawo su Jidda, a nan uban ya rasu. Har yau ba ta da ƙasar da za ta ba ta fasfo nata na kanta, iƙamarta ma, wato takardar izinin zama, a jingine take da mijin 'yarta.

Jinina ya tafasa. Na fara abin da na saba, ina ɗaga murya ina tsine wa Yahudawa kaf ɗinsu, na da da na yanzu. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ce, “Kai ka taɓa ganin Bayahude da idonka?”

Na ce a'a, sai a waya.

“To ni na gani. Akwai wata Bayahudiya 'yar Yaman da ke naɗin lemo kusa da uwata, Larabcinta ya fi na babana, kullum sai ta gutsuro mini gurasa. Kuma mutanenta ne suka kore ni. Duka biyun gaskiya ne, ba zan yar da ɗaya don in faranta maka ba. In zagi kake so, ka haɗa da Baturen da ya yi alkawarin gida ɗaya ga mutum biyu. Ka haɗa da sarakunanmu, da suka zo yaƙi kowa yana hararar ɗan'uwansa. Ka haɗa da waɗanda muka kwana tanti ɗaya da su suna ce mini baiwa saboda fatata. Ni fushina ya girme ka, ya waladi. Na san inda nake ajiye kowanne.”

Ɗan baffana ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Sai ta sassauta murya.

“Amma ni ban taɓa zama marar ƙasa ba. A Gaza su ce baiwa, a nan su ce Takruniyya, wai baƙar Afirka, Hausawa su ce Balarabiya. Sai in ce a raina, ku yi ta faɗi, ni ina da gona. Babana ya ce mini, can gida akwai gonata, kuma mutanenmu ba sa cin gonar matafiyi ko zai shekara ɗari. Tana nan ko?”

Na ce tana nan, Gwaggo. Ɗan baffana ya mintsine ni a cinya, wai ga ƙofa ta buɗe. Na kasa. Muka yi sallama a kan za mu dawo kafin mu tafi.

Mutumin kirki da a nan ya tsaya. Ni ban tsaya ba. Kwanakin da suka biyo baya muka yi ta yawon sayayya. Muka je Bani Malik, unguwa mai cunkoso da shaguna, baƙi daga kowace ƙasa, muka sayi jallabiyoyi da turare. Wani mai tasi ya zagaya da mu gari don ya ga baƙi ne, na yi masa masifa da Hausa ya rama da Larabci, muka rabu kowa ya gamsu. Muka je bakin teku da yamma muka ga ruwan nan da ake harbawa sama kamar zai taɓa gajimare. Duk inda muke wayar Baffa tana biye da mu: “Yaya, ta bari? Mutumin nan fa ba zai jira ba.”

A bakin tekun nan na lallashi kaina. Na ce tsohuwa ce, ƙafarta ɗaya a kabari. Ba ta taɓa ganin gonar ba, ba kuma za ta gani ba. 'Ya'yanta ko sunan gero ba su sani ba. Mu ne muke wurin, mu ne muka yi ta nomanta, mu ne masu bukata. Har na ce wa ɗan baffana da bakina, “Ai mai ita ba ta nan.” Wallahi na faɗa, kuma kunnena bai ji abin da bakina ya ce ba.

Ranar da muka koma, bayan la'asar, tun daga bakin lungu muka jiyo ƙamshin miyar kuka. Gwaggo ta sa an tuƙa tuwo, ita da kanta ta zauna ta kaɗa miyar da daddawarmu. Muka ci muka ƙoshi. Na wanke hannu, na gyara zama, na sa muryar ladabi.

Na ce, “Gwaggo, dama akwai 'yar magana a kan gonar nan. Gaskiya ta mutu. Fako ce, ko ƙaiƙayi ba ta fitarwa, wahala kawai take ba mutane. Shi ne dattawa suka ce ko za ki bar wa gida ita, a huta.”

Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, “An sare gawon?”

Na ce wane gawo?

“Babana ya ce akwai babban gawo a tsakiyarta. An sare shi?”

Bakina ya riga tunanina. Na ce yana nan.

“To ni ban taɓa riƙe fartanya ba, amma babana ya ce ƙasar da ke ƙarƙashin gawo ba ta zama fako.”

'Yarta da ke tsaye a bakin ƙofa da butar shayi ta ce, “Lesh yanzu, don me? Shekara da shekaru ba wanda ya zo, ko salam. Lesh yanzu?” Ɗan baffana ba ya iya riƙe magana in an tsare shi da ido. Nan take ya zazzage komai: titi, mai kuɗi, filotai, liman, shaidu biyu.

Ban taɓa ganin fushi irin wannan a jikin da bai fi na yarinya ba. Ta ajiye carbi, ta miƙe zaune sosai, muryarta ta daina rawa.

“Ashe shi ya sa. Na zauna na ba ka labarin abin da ban ba jikokina ba, kana share hawaye, ashe awo kake yi. Su da bindiga suka zo, ya waladi. Ba su ci tuwona ba, ba su ce mini Gwaggo ba. Kai ka zo da daddawa!”

Na fara rantse-rantse, na ce za a ba ta kasonta na kuɗin, har da ƙari. Alhali ba haka aka tsara ba, a take na ƙirƙiro.

“In yi me da shi? In sayi likkafani biyu? Wuri ɗaya ya rage a duniyar Allah da zan ce can ne namu. Ɗaya! Shi ma don ba na nan?” Ta nuna mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya. “An turo ku shaida ko? To ku shaida. Ban bari ba. Ban sayar ba. A noma ta a ci, halal, kamar yadda ake yi. Amma tawa ce, bayana ta 'ya'yana ce. Halas, magana ta ƙare. Ku gaida liman.”

Muka tashi. Muna neman takalma ta ɗaga murya daga ciki: “Daddawar dai ba zan mayar ba. Matan gida ba su yi mini laifi ba.”

Ban ga hanyar komawa Balad ba ranar. Fushi nake ji, kuma don in gaya muku gaskiya, da farko da ita nake fushin, don ta kama ni. Sai da aka kwana aka wuni fushin ya gano gidansa.

A jirgin dawowa ɗan baffana ya matso kusa da kunnena. “Kai, wa zai sani? Ba ta da fasfo, ba za ta taɓa zuwa ba. Mu biyu ne shaidu. Mu ce ta bari, in an sayar mu aika mata wani abu, shi ke nan.” Ina so in ce muku na daka masa tsawa. Ban daka ba. Sai na yi ta tuna rufin ɗakina, ina tuna fuskar Baffa. Har muka sauka Kano, har muka kama hanyar Dutse, ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

An tare mu da murna, aka raba dabino da zamzam. Washegari bayan azahar aka taru a zauren liman: Baffa, sauran iyayenmu maza, da wakilin mai sayen fili. Liman ya tambayi ɗan baffana, ya ce ta bari, da bakinta, har ta sa albarka. Baffa ya yi hamdala. Liman ya juyo kaina ya ce, “Kai fa, me kunnenka ya ji?”

Na ce, “Allah gafarta malam, cewa ta yi ba ta bari ba, ba ta sayar ba. Kuma ni na yi mata ƙarya na ce gonar fako ce, ta kama ni.”

Baffa ya miƙe har hularsa ta faɗi. “Ɗan banza! Mu muka haɗa maka guzuri! To Bafalasɗinen gida, sai ka ci rubutun naka!” Liman ya ce shaida ta rabu biyu, magana ta mutu, gona tana nan a hannun mai ita. Wakilin mai kuɗi ya kaɗe rigarsa ya fita, bai dawo ba. Har yau Baffa ba ya amsa gaisuwata. Ɗan baffana in ya hango ni sai ya canza hanya. Maiɗakina ba ta ce komai ba, ta dai jera robobi a inda rufi ke yoyo, kuma shirunta ya fi zagin Baffa ciwo.

Kada wani ya yaba mini. Gaskiyar da mutum ya faɗa bayan an kama shi da ƙarya, bayan ya yi tafiyar jirgi guda yana auna ta, ba abin alfahari ba ce. Fushina a kan abin da aka yi wa mutanen Yafa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, don yanzu yana da fuska da murya. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, la'antar azzalumin da ke bayan teku ba ta cin ko sisi, shi ya sa na ƙware a kai. Ban san cewa cin kayan wanda ba ya nan yana zuwa da hujjoji masu daɗin ji ba, sai da na ji su suna fitowa daga bakina. Ku da kuka rabu da 'yan'uwa a nesa, ku duba abin da kuke riƙe musu.

Bayan taron da kwanaki na yi ƙarfin hali na kira 'yar Gwaggo. Na ce ta gaya mata gona tana nan, ba a sayar ba, kuma ina roƙon gafara. Na ji tana maimaita mata da Larabci. Can 'yar ta dawo.

“Umma ta ce, maganar gafara ba yau ba. Ta ce a tambaye ka, an yi ruwa?”

Na ce an yi na fari shekaranjiya, ƙasa ta jiƙa sosai.

Sai na jiyo muryar tsohuwar da kanta daga nesa, da ƙarfi, ba ta jira a fassara mata ba: “To me kuke jira? Ku shuka!”